Daga Tabarmar Asusu: Da Me Za Mu Wanke Ragon Turke da Karen Garke?

 

Sallar layya tana ƙaratowa, kuma duk mai riƙe da littafin ƙungiya ta san inda yawancin bashin akwati ya tafi: yana ɗaure a turke, yana cin dusa da harawa. Shi ya sa tambaya guda take ta yawo a tarukan mako, wato da me ake wanke rago kafin a kai shi kasuwa. Wata ta ce omo, don ya fi fitar da fari. Wata ta ce shamfu irin wanda ake kawowa daga Aljeriya, don ƙamshi. Wata kuma ta ce a ɗiga piya-piya kaɗan a ruwan, a kashe kaska da ƙuma gaba ɗaya. Masu garken awaki sun ƙara da tasu, suka ce karen da ke gadin dabbobi fa, shi da me?

Amsarmu a taƙaice ita ce: sabulu daban, man laushin gashi daban, magani daban. Kowanne da aikinsa, kuma wanda ya kamata ya zaɓa mana shi ne fatar dabbar da rubutun da ke jikin kwalba. Yawan kumfa da daɗin ƙamshi ba su da ta cewa. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Me ya haɗa wankan dabba da akwati?

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, kiwon turke yana cikin sana'o'in da mata suka fi zuba bashinsu a ciki. A nan arewa abin ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2021, lokacin da aka rufe ma'adinan Cominak a Akokan, gidaje da yawa suka rasa albashin ƙarshen wata. Ragon da ada na marmari ne, yanzu shi ne kuɗin makarantar yara da buhun gero.

Mu yi lissafi na misali kawai. A ce kin sayi rago jika 60, kin ciyar da shi wata 3 da abincin jika 25, kina fatan sayar da shi jika 110. Ribarki jika 25 ke nan. To, ranar kasuwa dillali ya shafa bayansa, ya ga gashi ya zube a wuya, fata ta yi ja tana ɓarewa. Nan take zai zabge jika 15, in ma ya taya. Ribar wata 3 ta koma jika 10, ga bashi da ɗan abin da ake ɗorawa yana jiran ki ranar taro. In kuwa ragon ya mutu saboda abin da aka zuba masa a ruwan wanka, asarar ba taki ba ce ke kaɗai. Ta akwati ce, ta dukanmu ce, domin kuɗin da ya kamata wata ta ranta a zagaye na gaba ya tafi.

Ga kuma fata. Jar akuyar Maradi ta yi suna a duniya ne saboda kyan fatarta, kuma majema da dukawan Agadez sun san fatar da kaska ta huda ko ƙazuwa ta cinye ba ta yin jaka mai kyau. Abin da muke shafa wa dabba tana raye yana bin ta har bayan yanka.

Abin da masu sana'ar wankan karnuka suka sani

A manyan birane na Faransa da Amurka, har da wasu unguwanni na Abuja da Legas, akwai mutanen da sana'arsu ke nan, wanke karnuka da gyara musu gashi a biya su. Kada mu yi dariya, ƴan uwa. Mu ma nan ba a rasa samari masu wanke raguna a kasuwa gab da salla. A Yamai ana gangarawa da su bakin kogi, a Dakar kuwa har teku ake kai su. Sana'a ɗaya ce, dabbar ce ta bambanta. Waɗancan masu wankan karnuka suna da ƙa'idoji da suka koya da gumi, kuma uku daga ciki za su yi mana amfani.

Ta farko, fatar dabba ba irin ta mutum ba ce. Masana suna da wani ma'auni daga 0 zuwa 14 na auna tsami da kaifin kanwa. Ruwa tsantsa yana tsakiya, a kan 7. Abin da ya yi ƙasa da 7 ya karkata wajen tsamiya, abin da ya haura ya karkata wajen kanwa da toka. Fatar mutum tana wajen 5 da rabi, ta kare kuwa ta fi kusa da 7. Shamfun da aka yi don kanmu an daidaita shi da tamu fatar. Sabulun wanki na sanda yana kai 9 zuwa 10, garin omo ya fi haka ma. Duk wadda ta yini tana wanki da omo ta san yadda hannu yake bushewa ya tsattsage. To, haka yake yi wa dabba, ga shi fatar kare ta fi tamu rashin kauri.

Ta biyu, ba a zuba shamfu kai tsaye daga kwalba. Na masu sana'a mai kauri ne, ana sirka shi da ruwa. In kin ga an rubuta 1:10, ma'anarsa murfi 1 na shamfu, murfi 10 na ruwa. Lita 1 ta zama lita 11 ke nan. Saboda haka kwalba mai tsada da ake sirkawa tana iya fin mai araha sauƙi, in an lissafa dabba nawa kowacce za ta wanke. Sai dai a sirka iya na ranar. Wanda aka sirka aka ajiye cikin zafin nan namu, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki, ya dawo yana jawo ƙuraje.

Ta uku, ɗauraya ta fi sabawa muhimmanci. Ƙaiƙayin da dabba take yi bayan wanka sau da yawa ragowar sabulu ne da ya bushe a gindin gashi. A ɗauraye har sai ruwa ya fito fes, hannu ya daina jin santsi.

To, wane sabulu za mu saya?

Ga ragon da lafiyarsa lau, ƙura da kashi ne kawai suka ɓata masa jiki, sabulun sanda fari marar turare ya isa, in dai ba kullum ba ne, kuma an ɗauraye sosai. Wanka ɗaya idan aka sayo shi, ɗaya a tsakiyar kiwo in ya yi datti, ɗaya kwana biyu ko uku kafin kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ragon da aka wanke da asubar ranar kasuwa yana isa can a jiƙe, ƙura ta manne masa, yana rawar sanyi, mai saye ya ɗauka ciwo ne. Wanda aka wanke tun shekaranjiya kuwa, maiƙon jikinsa ya dawo, gashi ya kwanta yana sheƙi.

Sabulun salo yana da kyau in na ƙwarai ne, amma wani yakan zo da kaifin toka da yawa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki shafa kumfarsa a cikin damtsenki, ki bar shi ɗan lokaci. In ya yi miki zafi ko ya bar ja, zai yi wa dabba fiye da haka.

Omo, jabel da girezil na wankin kaya ne da dandamali. Jabel yana ƙona fata da ido. Girezil yana shiga jiki ta fata, yana da haɗari ga ƙananan dabbobi, kyanwa kuwa yana iya kashe ta. A wanke turke da su in an ga dama, a bari ya bushe kafin a mayar da dabba, amma kada su taɓa jikinta.

Shamfun mutane, in babu wani, na jarirai ya fi sauƙi, domin ba shi da yawan turare kuma ba ya yaji a ido sosai. Na kashe amosani da mai ƙamshi mai ƙarfi a bar wa masu kai. Dabba tana lasar jikinta, duk abin da aka bari a gashi cikinta zai koma.

Muna da na gida ma. Ganyen magarya da aka daka yana wanke gashi ba tare da ya busar da fata ba, iyayenmu sun daɗe suna amfani da shi. Ɓawo da saiwar aduwa suna kumfa kamar sabulu. Amma a kula da abu biyu. Ruwan aduwa yana kashe kifi da dodon koɗi, don haka ba a zubar da shi a tafki. Sannan a ƙasa irin tamu, inda itace guda yake shekaru kafin ya ba da inuwa, tone saiwar aduwa don wankan rago asara ce da ta fi kuɗin sabulu.

Man laushin gashi: wa yake buƙata?

Wannan shi ne man da ake shafawa bayan shamfu, don gashi ya yi laushi ya warware. Masu wankan karnuka suna amfani da shi ga karnuka masu dogon gashi da ke cukurkuɗewa, irin na ƙasashen sanyi. Tumakinmu kuwa, ko uda ne, ko balami, ko ara-ara na nan arewa, gajeren gashi ne da su, babu ulu. Awakinmu haka, karnukanmu haka. Babu abin da zai cukurkuɗe. Sayen wannan man don rago zubar da kuɗi ne, kuma a garin da iska take tashi da yashi, maiƙon da ya rage a gashi ƙura yake tarawa.

In kin ga gezar ragon ta yi ƙarfi kina son ta kwanta, ga karkashi. A jiƙa busasshen ganyensa har ruwan ya yi yauƙi, a shafa, a taje, a ɗauraye. In wani wuri ne ya bushe ya yi kaushi, kamar gwiwa ko ƙirji inda dabba take kwanciya, ɗan man kaɗe a kan yatsa ya wadatar. A wurin kawai, ba duk jiki ba.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya. Sheƙin gashi daga ciki yake fitowa. Ragon da yake samun harawa da dusa da ɗan gishiri ko kanwa, da ruwa mai kyau, aka kuma ba shi maganin tsutsar ciki a kan lokaci, gashinsa zai yi kyau ko da ruwa zalla aka wanke shi. Wanda tsutsa take shanye wa jini, ko an juye masa kwalba guda, a hargitse zai tsaya.

Magani ba sabulu ba ne

Nan ne inda ake yin babbar asara, don haka mu natsu. Kaska, ƙuma, kwarkwata, ƙazuwa da makero ba datti ba ne, sabulu ba ya raba dabba da su. Ƙazuwa wasu ƴan ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, waɗansunsu suna haƙa rami a cikin fata su yi ƙwai. Makero kuwa cuta ce irin ta fumfuna, tana yin sanƙo zagayayye, kuma tana kama yara in suna wasa da dabbar. Kowanne da maganinsa, kuma ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi ne zai duba ya faɗi wanne ne.

Magungunan da aka fi gani wajen masu sayar da na dabbobi sun haɗa da Taktic da Butox, waɗanda ake sirkawa da ruwa a wanke ko a fesa, da allurar Ivomec. Suna aiki in an bi awo. Amma kowanne yana da inda ba ya shiga. Sinadarin da ke cikin Taktic, amitraz, ba a sa wa doki ko jaki. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin permethrin yana kashe kyanwa. Ivomec ba a yi wa akuyar da ake shan nononta. Kuma yawancinsu ba sa kashe ƙwai, shi ya sa ake maimaitawa bayan mako ɗaya ko biyu, yadda likita ya ce. Wadda ta yi sau ɗaya ta tsaya, ta ce maganin jabu ne, sau da yawa ƙwan ne suka ƙyanƙyashe.

Abu uku za a duba a jikin kwalba, a sa ɗan makaranta ya karanta in rubutun ya yi ƙanana. A ga an rubuta usage vétérinaire, wato na dabbobi ne. A duba ranar lalacewa. Sannan a nemi inda aka rubuta temps d'attente, wato kwanakin da dole a jira bayan magani kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Na allura yakan kai makonni. Ragon da aka yi wa allura saura kwana 5 salla, namansa yana ɗauke da magani, kuma iyalin wani ne za su ci, da yara da masu ciki. Saboda haka duk magani a gama shi tun farkon kiwo. Kwalbar da ba ta da rubutu, wadda aka ɗura a robar lemo ake sayarwa a rana, a bar ta a inda aka gan ta. Araha ba ta ado.

Piya-piya da maganin feshin gona ba na jikin dabba ba ne ko kaɗan. Suna ratsa fata su shiga jini, na dabbar da na mai wankin. Alamar gubarsu ita ce dalalar miyau, makyarkyata, zawo, numfashi da ƙyar, ƙwayar ido ta tsuke. In haka ta faru, a wanke dabbar nan take da ruwa mai yawa da sabulun sanda, a sa safar hannu, a nemi likitan dabbobi a nuna masa kwalbar. In mutum ne ya fara jin jiri ko amai, a tuɓe kayan da suka jiƙe, a wanke jiki, a garzaya likita da kwalbar a hannu. Haka baƙin man mota da kananzir da ruwan batir da wasu suke shafa wa ƙazuwa, ƙona fata suke yi, dabba ta lasa ta kwanta. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mai ciki da mai goyo kada su taɓa ruwan magani, a ba wata ta yi. Yara su matsa nesa. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne, kada a ɗura man gyaɗa ko ruwan sha a ciki, ko an wanke ta sau goma. Kaska kuma ba a murje ta da yatsa, domin wasu suna ɗauke da zazzaɓi mai tsanani da ke kama mutum. A cire ta da hantsaki, a jefa a wuta.

Karen garke

A nan yankin namu kare ma'aikaci ne. Shi yake kwana a farke saboda dila, kuma addini ya yarda da ajiye kare don gadin dabbobi da gona da farauta. Dogon siririn karen nan na makiyaya, wanda da Tamashek ake kira oska, Turawa sun ɗauke shi zuwa ƙasashensu tun shekarun 1970, suna kiran sa da sunan Azawak, har babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerinta a 2019. A can ma masu shi sun san gashinsa gajere ne, fatarsa ba kauri, ba ya buƙatar yawan wanka. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da cire masa kaska ya fi masa kwalbar shamfu.

Dalilin kula da shi bai wuce garken ba. Ƙuma da kaska da ke jikin kare a turke ɗaya suke kwana da awaki. In an yi wa dabbobi magani aka bar kare da makwancinsa, an yi aikin banza. In ya kama a wanke shi, a yi da shamfun karnuka in an samu, in ba a samu ba na jarirai ko sabulu marar turare, a kiyaye ido da cikin kunne. Shamfun da likita ya bayar na ƙuraje yakan buƙaci a bar kumfar minti 10 a jiki kafin ɗauraya, in ba haka ba bai yi aiki ba. Wanda kare ya saba da shi ne zai riƙe shi. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, domin ƙwan wata tsutsa da ke cikin hanjin kare yana mannewa a gashinsa, kuma yana cutar da mutum. Don wannan tsutsar ce ma ranar layya ba a jefa wa kare huhu ko hanta mai ƙululun ruwa, a binne su da zurfi.

Karen da ya sauya hali, yana dalala, yana kai cizo ba dalili, ba wanka yake buƙata ba. A nisance shi, a sanar da ma'aikatan kiwo. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a tafi likita a ranar don allurar haukan kare. Wannan cuta in alamunta suka bayyana ba a tashi. A nan kam kowane sabulu da ke kusa ya yi, har omo.

Ruwa da mazubi

Mun san kuɗin bido guda a nan, da nisan rijiya. Saboda haka a fara da busasshen aiki. A kakkaɓe dabba da buroshi ko guntun buhu, a cire busasshen kashi da ƙaya, rabin dattin ya tafi tun ba a taɓa ruwa ba. Sannan a jiƙa da moɗa, a saba da tsumma, a ɗauraye daga baya zuwa ƙafafu. Sabulu kaɗan, ruwan ɗauraya kaɗan. Wannan ma wani dalili ne na gudun omo, kumfarsa tana cin bokiti biyu kafin ta fita.

A yi wanka da hantsi, rana ta ɗaga, don jiki ya bushe kafin la'asar. Salla tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, wata shekarar cikin zafi take faɗowa, wata cikin hunturu, kuma sanyin daren Abzin ba wasa ba ne. Ranar da ake iska mai sanyi a fasa. Ƴan raguna ƙanana da tunkiya mai tsohon ciki a bar su da goge jiki kawai. Ruwan da aka sirka magani a ciki a haƙa masa rami nesa da rijiya, nesa da garka, nesa da inda dabbobi suke sha.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu mu kaɗai, mutanen wannan yanki. A 2003 ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit tare da masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, sannan Greenpeace a 2009, sun auna tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a Arlit, suka samu wasu ɗauke da burbushin yuraniyom. Ido ba ya ganin wannan, hanci ba ya jin sa, kuma wanki da sabulu ba ya ba da tabbacin ya fita. Don haka tsohon tano ko bututu ko guntun ƙarfe da ba a san daga inda ya fito ba, kada a mayar da shi kwamin wanka ko na shan dabbobi. Robar wanki sabuwa ta fi kwanciyar hankali.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwalbar magani guda ta fi ƙarfin rago ɗaya, in kowa ta sayi tata, rabi zai lalace a ɗaki inda yara suke. Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce a fitar da kuɗi kaɗan daga akwati, a sayi kayan haɗin gwiwa: sabulu, buroshi, robar wanki, safar hannu ta roba, sirinji marar allura na awo, da maganin da ma'aikacin kiwo ya rubuta. A zaɓi mata biyu su riƙe kayan a akwati mai makulli, su je su koyi awo daga bakinsa. A sa rana ɗaya a farkon kiwo, a tara dabbobin ƴan ƙungiya ya duba su gaba ɗaya, kuɗin zuwansa a raba. A rubuta a littafi ranar da aka yi wa kowane rago magani da ranar da ya halatta a yanka shi. Sabon rago da aka sayo a ɗaure shi daban na mako biyu kafin ya haɗu da sauran.

Ƙungiyar da ta ƙware tana iya mayar da abin sana'a. Maƙwabta su kawo nasu a wanke musu, a biya kuɗi kaɗan kowane kai, ya shiga akwati. Sai dai da sharaɗi guda. Wanka na fito da kyan dabba ne, ba na ɓoye aibinta ba. Kada a rufe gyambo da lalle ko mai don a ruɗi mai saye. Dabbar layya ana son ta ba ciwo bayyananne, kuma mutumin da ya tara kuɗinsa shekara guda don ibada yana da hakki a kanmu. Garinmu ƙarami ne, wanda aka cuta bana ba zai dawo baɗi ba, kuma sunan ƙungiya zai ambata, ba na mace ɗaya ba.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taron mako mai zuwa, a fassara wa waɗanda Tamashek ya fi musu sauƙi, kowa ta zo da kwalbar da take da ita a gida a duba rubutun tare. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu tattauna yadda ake adana harawa da dusa kafin farashi ya tashi. Allah ya sa albarka a turakunmu, ya tsare mana dabbobinmu, ya ba mu ikon cika alkawarin akwati a kan lokaci.